An Ce a Gyara Zanen Baba

Ƙusa 'Yar Baba ta fara gani da ta ɗaga labulen ɗakin Inna. Ƙusa ita kaɗai a jikin bango, ƙarƙashinta kuma shatin firam, inda fentin ya fi na sauran bangon haske. Ta ajiye ledar magani a bakin gado, gaisuwar ma a tsaitsaye ta yi ta.

"Inna, ina zanen Baba?"

Inna tana zaune a kan darduma, ta miƙe ƙafar da ke mata ciwo. Ta juyo da fuskarta wajen muryar, kamar yadda take yi tun da yanar ido ta fara rage mata gani.

"Wannan wace irin gaisuwa ce? Ba ki tambayi ƙafata ba sai bango?"

"Ya ƙafar? Ina zanen?"

"Ƙafa da sauƙi. Auta ya ɗauka. Iska ce ta bugo ƙofa, ya faɗo, gilashin ya tsage. Na ce masa ya kai a gyara shi."

'Yar Baba ba shi ne sunanta na yanka ba, amma ya cinye na yankan tun tana ƙarama, har a ɗakin gwajin jini na asibitin da take aiki da shi ake kiranta. Ita ce babba. Ita ce kuma take zama kusa da mahaifinsu a shekarun da yake dawowa gida da aikin ofishin safiyo, ya shimfiɗa taswira a kan tebur, ita tana fiƙe masa fensir da reza. Duk tsawon aikinsa taswira ya zana, filaye da iyakoki da lambobi. Abu ɗaya tak ya zana wanda ba taswira ba, shi ne garinsu na asali da ke manne a jikin tudu. Da fensir ya yi shi, a bayan wata tsohuwar takardar ofis, shekarar da ya auri Inna. Garin yanzu babu shi. Kamfanin fasa dutse ya fara cin tudun ta baya, aka kwashe mutane aka sauko da su fili, aka jera musu gidaje kamar haƙoran mataji. Ba wanda ya tuna ya ɗauki hoto. Daga baya Baba ya rasu. Abin da ya rage na garin, da abin da ya rage na hannun Baba, duk a takardar nan ɗaya suke.

Ta fita tsakar gida ta kira Auta. Hayaniyar shagonsa na kayan waya ta riga muryarsa isowa.

"Yaya, ki kwantar da hankalinki. Wurin gwani na kai shi. Shi ya yi min allon shagona."

"Allon da aka zana waya kamar bulo?"

"Yana firam ma, Yaya. Yana yanka gilashi."

"Me ka ce masa?"

"Abin da Inna ta ce. A gyara shi."

"Shi ke nan?"

"Na ce ya fito da shi sosai."

"Rufe shagon nan ka same ni a can."

"Ina da mutane a gabana fa."

Ta kashe wayar.

Shagon mai zanen alluna yana bayan tashar mota, tsakanin mai faci da mai yanka makulli. An jingine alluna a waje suna shan iska. Ɗaya ya ce ana neman mai gadi, ɗaya ya ce ba a zuba shara a nan, ɗaya kuma kifi ne mai gashin ido, na wata mai sayar da kifin ƙanƙara. Ciki warin fenti da na tina, ruwan sirka fenti, ya cika ko'ina. Mai shagon magidanci ne mai furfura jefi-jefi, tabaransa ɗaure da zare a ƙeya, rigar aikinsa ta sha launi har ba a gane nata na asali.

"Sannu da zuwa, Hajiya. Allo ne ko hatimi?"

"Zanen fensir da ƙanena ya kawo."

Fuskarsa ta washe. "Au, ke ce yayar! Ai da kin ƙara haƙuri kaɗan da kin same shi a gama. Zo ki ga aiki."

Ya kai ta teburin yankan gilashi, ya yaye jaridar da ya rufe takardar da ita. An danne kusurwoyinta da gwangwanayen fenti. A wurin aikinta an koya wa 'Yar Baba ta gama duba abu kafin ta buɗe baki, don haka ta duba.

Gefen dama yana nan yadda ta san shi. Gidaje sun hau kafaɗar juna, rufin wannan a bakin ƙofar wancan, har zuwa tankin ruwa daf da ƙoli. Ga bishiyar da iska ta karkatar, ga igiyar shanya da kaya uku a kanta, ga wata mata tana saukowa da kaya a ka, wadda Baba ya zana da 'yan layukan fensir kaɗan, amma kowa ya kalle ta ya san kayan da nauyi. Inuwar yamma ta kwanto a kan gidajen, toka-toka mai laushi, ta yi duhu a ƙarƙashin rufi, ta yi haske a kan duwatsu, har mutum ya san ƙarfe nawa ne a garin ba tare da agogo ba.

Gefen hagu fari ne tas, kamar zanin gadon asibiti. Kowane gida an bi shi da baƙar tawada, an miƙar da bangonsa da rula. Tagogi duk sun zama tsayi ɗaya. A sama ga wasu tsuntsaye biyu da ba ta taɓa gani ba. A gefen takardar kuma ɓarɓashin magogi ne ya taru, baƙi-baƙi, kamar kashin ɓera.

"Me ka yi masa?" Muryarta ba ta tashi ba.

"Gyara. Kin ga bambanci ko? Dauɗar da ke jikin takardar nan, Hajiya, ba a magana. Duk shatin yatsu. Wani ya yi ta damƙar ta da hannu mai datti. Sai da magogina ya ƙare a gefen nan kaɗai, na buɗe sabo."

"Dauɗa."

"Wallahi. Amma ta fita."

"Tsuntsayen fa?"

"Wannan kyauta ce. Na ga saman ya yi fili da yawa."

Ta ajiye jakarta a kan kujera a hankali, don ta san in ta bar ta a hannunta za ta jefe shi da ita.

"Ina hanyar da ke hawa daga famfo zuwa gidan burodi?"

"Ga ta nan, ai na sa. Da na goge dauɗar sai na ga babu hanya, mai zanen ya manta. Na ce gari ba hanya? Na taimaka masa." Ya nuna layi biyu miƙaƙƙu da suka ratsa gidajen kamar titin kwalta.

"Bai manta ba. Matso." Ta nuna gefen dama da ƙumbarta, ba ta bari ta taɓa takardar ba. "Dubi nan, tsakanin gidan nan da dutsen nan. Ka ga layi?"

Ya sunkuya. "Babu layi."

"Ka ga hanya?"

Ya gyara zaman tabarau. Ya daɗe. "Akwai hanya."

"Da me aka yi ta?"

Ya ƙara sunkuyawa a kan takardar.

"Ba a zana ta ba, Malam. Farar takarda ce aka bari tsakanin inuwa biyu. Bakin fensir yake kankarewa da reza a kan takarda, ya sa babban yatsa ya murza, ya murza, har inuwar ta zauna, ya bar wa hanya wurinta. Shatin yatsun da ka ce na mai hannun datti ne, nasa ne. Na mahaifina. Yana ƙasa yanzu. Ka sa magogi ka goge shi, da ya ƙare ka buɗe sabo!"

Mai faci ya leƙo ta ƙofa, ya ga ba faɗan da za a raba ba ne, ya koma.

Mai zanen ya cire tabaransa ya goge a rigarsa, ya ƙara musu datti. "Allah ya jiƙansa. Amma Hajiya, ki yi min adalci. Ni gyara aka ce. In aka kawo min allo ya koɗe aka ce gyara, sabon fenti nake bi da shi. In aka kawo min hoton kakan mutum aka ce gyara, har gemu nake cike masa, su yi godiya su tafi. Da canjin gilashi aka ce, ga gilashi nan jingine, da ko zama ba a yi ba. Ƙanenki cewa ya yi in fito da shi. To da me ake fito da abu?"

"Kai mai zane ne ko ba mai zane ba?"

"Shekara da shekaru."

"Duk shekarun nan ba ka taɓa ganin inuwa ba? Kifinka ma gashin ido ka yi masa."

"Mai kifin ce ta ce a sa," ya faɗa ƙasa-ƙasa. Idonsa ya koma kan takardar. Ya bi farin da ke tsakanin inuwoyin da kallo, daga ƙasa har tanki. "Kai," ya ce da kansa. "Har kwana take yi. Ba layi, amma tana kwana."

A nan babur ɗin Auta ya tsaya a waje. Ya shigo yana kaɗa makulli a yatsa, idonsa ya fara sauka a kan tebur kafin ya sauka a kan yayarsa.

"Kai! Ya fito fa! Ashe haka gidajen suke?"

"Rufe min baki."

Sai a lokacin ya ga fuskarta. Ya mayar da makullin aljihu.

"Yaya, me ya yi zafi? Ai bai gama ba ne. In ya gama ɗaya gefen duk zai zama iri ɗaya."

"In ya ƙara taɓa shi sai dai a kwashe mu ni da kai a kai gaban hukuma. Gilashi aka aike ka. Gilashi! Aiken da ko makaho zai yi ya dawo. Wa ya sa ka ƙara gishiri a magana?"

"To yanzu haka za ki kai wa Inna? Rabi wanka, rabi ba wanka? Ki bari ya ƙarasa, a sa a firam, a rataye. Inna ba za ta ma lura ba."

"Wato ka ɓata, kuma a ƙarasa ɓatawa don kar a gane ka ɓata. Haka kake yi wa wayoyin mutane?"

Auta ya ja tsaki. "Mun ji, 'Yar Baba. Ke kaɗai kika san Baba. Mu a bakin titi aka tsinto mu."

"Kai me ka sani a garin nan? A goye aka sauko da kai, kana zubar da miyau a bayan Inna."

"Laifina ne? Ke kin yi gudu a hanyar, kin sha ruwan famfon. Ni tun da na buɗe ido toka nake gani a cikin firam, ana ce min ga garinku. Yau na fara ganin gida da ƙofa. Shi ne na yi zunubi?"

Maimakon ta zage shi, sai ta juya ga mai zanen.

"Ba ni kwali biyu masu tsabta. In kana da abu mai tsabta a shagon nan."

Ya lalubo, ya kaɗe su da kyau. Yana ɗage gwangwanayen daga kusurwoyin takardar ya ce, "Hajiya, ina da fensir mai laushi. Tunda na ga yadda aka yi, zan iya mayar da inuwar. Ba wanda zai gane."

"Da yatsan wa?"

Ta sa takardar tsakanin kwalayen, ta rungume a ƙirji, ta ɗauki jakarta, ta fita ta bar su tsaye.

A cikin mota ta shirya yadda za ta yi. Za ta ajiye takardar a gaban Inna ba tare da ta ce komai ba. Inna, wadda ba ta yarda ko jika ya jefa ƙwallo kusa da bangon nan ba, za ta gani da idonta abin da ɗan lelenta ya jawo. 'Yar Baba ba ta taɓa kai ƙarar Auta ta ci nasara ba tun suna yara. Wannan karon tana da shaida a hannu.

Ta iske Inna ta fito bakin ƙofar ɗaki inda haske ya fi yawa. Auta ya riga ta isowa da babur, yana tsaye jikin bango kamar mai jiran hukunci. Ta durƙusa, ta buɗe kwalin a kan cinyar Inna.

"Ga gyaran da aka yi."

Inna ta ɗaga takardar da hannu biyu, ta kawo ta daf da fuskarta, ta karkata ta wajen rana. 'Yar Baba ta saci kallon Auta don ta ga yadda zai yi.

"La ilaha illallahu," in ji Inna. "Ga gidan burodi."

"Inna, ki duba da kyau, an goge…"

"Ga gidan burodi da tagarsa ta baya, inda muke miƙa hannu a ba mu na ƙonanne. Wannan na mai ɗinki ne. Wannan na tsohuwar nan mai masifa da ke zuba mana ruwan wanki a kan rufi. Ke, a nan kika faɗo kika fasa haɓa, ga dakalin." Ta kai takardar gefe ta dawo da ita. "Su kuma waɗannan tsuntsayen daga ina?"

"Ƙari ne mutumin ya yi."

Inna ta yi dariya har kafaɗarta na rawa. "Na ce! Babanku bai iya tsuntsu ba. Ya taɓa gwada min kaza, ta fito kamar buta."

Ta matsar da idonta zuwa dama. Dariyar ta tsaya. Ta matso da takardar har ta kusa taɓa hancinta, ta janye, ta sake matsowa.

"Ina sauran?"

"Ga shi nan, Inna. Wannan gefen ne na gaskiya. Shi ne ba a taɓa ba."

"Ni ban ga komai ba. Hayaƙi kawai."

"Ga tanki, ga bishiya, ga igiyar shanya…"

"Ke kike ganin su."

'Yar Baba ta zauna sosai a ƙasa. "Tun yaushe?"

"Na daɗe. Ina dai kallon bangon don na san yana nan."

"Me ya hana ki faɗa?"

"In faɗa ki yi min me? Ki ƙaro min ƙwaya?" Inna ta shafa gefen takardar da tafin hannu, 'Yar Baba ta cije leɓe. "Gidanmu a wannan gefen yake, ƙasan tanki. Ki mayar wa mutumin ya ƙarasa."

"Inna, gilashi kika ce a gyara!"

"Gilashi na ce. Tunda Allah ya sa ya ji fiye da abin da na faɗa, a bar shi ya gama."

"In ya bi shi da tawada hannun Baba ya tafi ke nan. Ba ya dawowa. Ki bari in sa a zana miki irinsa a babbar takarda, da layi mai kauri, ya cika bangon nan in kina so."

"In ya zana a wata takarda ai garinsa ne. A wannan, sawun babanku yake bi."

"To ki jira a yi miki aikin ido. Za ki gan shi yadda yake."

"Aikin da likitanku yake ɗagawa tun bara, wai sai sukari ya sauka? Ki raba ni da za ki, za ki. Shekaruna ba na za ki ba ne."

'Yar Baba ta nemi abin da za ta kama. Ta nuna matar da ke saukowa da kaya, ko da yake ta san Inna ba ta ganin inda take nunawa. "Ke ce fa a nan, da kaya a ka. In ya bi ki da rula, sanda za ki koma."

"Ni? Wa ya gaya miki? Matar mai burodi ce. Ni ina tsaye a bayansa ina kore masa ƙuda, ƙafata har ta yi tsami."

Auta ya juya fuska ga bango, kafaɗarsa tana motsi.

"Kai kuma ka yi dariyar a fili in ka isa," in ji 'Yar Baba. Ta koma ga Inna. "Ni na fiƙe masa fensir. Ni na san yadda yake riƙe shi. Duk gidan nan ba wanda ya damu da takardar nan kamar ni, yau kuma ni ce ba ni da ta cewa?"

"Kin fiƙe na taswira," Inna ta ce a hankali. "Wannan ni aka zana wa, ko cikinki ban yi ba. In na mutu ki ɗauka, naki ne, ki yi ta kallon hayaƙinki. Amma kafin nan ina so in ga ƙofar ɗakina."

Maƙwabciya tana daka a bayan katanga. 'Yar Baba ta karɓi takardar, ta mayar tsakanin kwalayen, ta miƙe.

Auta ya matso. "Kawo in kai, Yaya, babur ya fi sauri."

"Ka taɓa shi in karya maka yatsa."

Washegari da safe ta kira wurin aiki ta ce za ta makara. Mai zanen yana jera allunansa a waje ya hango ta da kwali a ƙirji. Ya ajiye allon kifin da ke hannunsa.

"Hajiya, in faɗa ne, na jiya bai gama narkewa ba."

"Share teburin."

Ya share, har da tsumma mai ruwa, ya jira ya bushe. Ta shimfiɗa takardar da kanta. Ta ƙi gwangwanayen fenti, ta danne kusurwoyin da wayarta da makullanta da kwalbar turare daga jaka.

"Za ka ƙarasa. Mai shi ta ce a ƙarasa."

Ya dube ta, ya dubi takardar. "Ni kuwa tun jiya hanyar nan take min yawo a ka. Na gwada a bayan wani kwali, na murza, na murza, baƙi kawai nake samu. Gaskiya hannuna ba ya so."

"Jiya da ba a sa ka ba ka yi. Yau da aka sa ka ne hannunka ba ya so? Saurara. Magogin nan ka jefa shi a aljihu, kar in gan shi. Rula ma haka. Tsuntsu ko ɗaya, ko ƙwai. Alƙalaminka mafi siriri za ka ɗauko. Inda fensir ya bi nan za ka bi, in ya karkace ka karkace, in ya tsaya ka tsaya. Inuwa ba ruwanka da ita. Hanya ba ruwanka da ita."

"In ban ja mata layi ba tsohuwa ba za ta gan ta ba."

"Ta san hanyar gidanta. Ƙofa ta ce tana so."

Ya wanke hannu da sabulu a bakin shago, ya goge a wandonsa, ya zauna. Ya gwada bakin alƙalamin a gefen jarida har layin ya fito siriri.

"Daga ina zan fara?"

Ta nuna masa gida na biyu ƙasan tanki, mai ƙofa ɗaya da ƙaramar taga. Ya ja numfashi ya ɗora alƙalamin. Tana tsaye a kansa tana kallo. Layin fensir mai laushi, wanda ya yi kauri inda Baba ya danna, ya yi siriri inda ya sassauta, ya riƙa shigewa ƙarƙashin baƙar tawada kaɗan-kaɗan. Ƙofar ta fito sarai, kowa zai gan ta daga nesa. 'Yar Baba ta ji haƙoranta suna ciwo, sai ta lura ashe ta datse su ne.

"Ka miƙar da dokin ƙofar. A karkace yake."

"Hannu ne ya saba."

"Ka hana shi."

Ya gama gidan, ya koma na kusa da shi, ya haura zuwa tanki. Sama da tankin babu gida, babu layi, sai inuwar ƙolin tudu, inda murzar ta fi yawa kuma shatin babban yatsa ya fito ɗaya bayan ɗaya. Gwiwar hannunsa ta doshi wajen. Kafin ta yi tunani ta kifa tafinta a kai.

"Hajiya, ɗaga hannunki. Gumi zai kwashe fensirin."

Ta ɗaga da sauri, amma ba ta janye ba. Ta bar tafin a sama, tazarar yatsa tsakaninsa da takardar, ya rufe ƙolin tudun.

"Ba abin da zan zana a nan ai," in ji shi.

"Na sani."

"Da sauran aiki fa. Gidajen da yawa. Za ki gaji."

"Ka yi aikinka, Malam."

Ya tsoma alƙalamin a tawada, ya karkato da kafaɗarsa don ya kauce wa hannunta, ya ci gaba.